Rai nawa gare ku?

Wallahi na gaji da hotunan bakin dutsen nan! Ka buɗe Instagram, ga wani a kan Preikestolen na ƙasar Norwe, mita 604 sama da ruwa, ko shinge babu, ya zauna a gaɓa yana lilo da ƙafafu. Wata ta ba wa rami baya, tana ja da baya, idonta kan waya, tana gyara gashi. Wani ya tsaya da ƙafa ɗaya, abokinsa na cewa ƙara matsawa kaɗan! Haba jama'a! Iska za ta jira ka gama murmushi ne? In ka zame, mabiyanka ne za su cafe ka? Ni da nake kallo a waya ma hanjina kaɗawa yake, balle uwar da ta haife ka!