Wa Ya Ɗinka Rigar Sarki?

Akwai wata riga a gidanmu da ba ta ganin rana sai da sallah ko ɗaurin aure. Saƙi ce, mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, an zuba mata aska takwas da zaren tsamiya, nauyinta kuwa sai ka ce bargo. Ta kakana ce. Kowa a gidan ya san wanda ya sa ta, ya san tafiyar da aka sayo ta a ciki, har fadan da aka yi wajen rabon gado a kanta ba a manta ba. Wata rana ina riƙe da ita na tambayi kawuna wa ya ɗinka. Ya ce, "Wani malami na can wajjen Gwandu, ɗunkinai ba shi da na biyu." Na ce, "Sunansa fa, Kawu?" Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya jiƙansa, sunan ya ɓace masa.

Mutumin ya ɗauki watanni yana lissafa zare ɗaya bayan ɗaya da allura, wataƙila har idonsa ya raunana a kai, amma abin da ya rage shi ne sunan mai sawa. Wannan ciwon na gidanmu shi nake gani a akasarin gidajen tarihin da na shiga a Arewa. Za ka ga takobi an rubuta na sarki wane ne, sirdi na jarumi wane, tambari na fadar gari kaza. Maƙerin da ya busa zuga, badukun da ya jeme fata, masassaƙin da ya fafe icce, duk an haɗa su a kalma ɗaya: "aikin gargajiya". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu a Kebbi ba baƙi ba ne a harkar adana tarihi. Duk wanda ya je Argungu ya san Gidan Nabame, dab da kasuwa. Nan ce fadar Sarkin Kabi har 1942 da aka koma sabuwa, sannan a 1958 aka mai da ita gidan tarihi da sunan Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, wato tun kafin 'yancin kai, shekara shida kacal bayan buɗe na Jos a 1952. A ciki akwai masu da takubba, kwari da baka, bindigogi da ganguna, ga kuma kaburburan sarakuna. Aikin gidan shi ne ba da labarin sarauta da yaƙi, kuma ƙasar da ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 tana gwabzawa da Sakkwato da Gwandu tana da haƙƙin ta ba da wannan labari. Ba ni da ja a nan. Abin da nake cewa shi ne gidan yana buƙatar ɗan'uwa, wanda zai tsaya a kan masu hannu da masu baki na wannan yanki, tun daga Yawuri da Zuru har Zurmi da Shinkafi, inda sunan mai yi zai zo a sama, sunan mai mallaka ya biyo a ƙasa.

Ɗauki kiɗa kawai. Ban san wani yanki na ƙasar Hausa da ya tara manyan makaɗa kamar tsohon lardin Sakkwato ba, kuma kaso mai tsoka daga ƙasar da yau ake kira Zamfara da Kebbi suka fito. Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Sa'idu Faru. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya, da ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta. Sani Sabulu na Kanoma. Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani a Yawuri. Waɗannan ai an san sunansu, za ka ce. Gaskiya ne, amma je ka saurari yadda ake jin su yau: a memorin waya, an yanke farko, an yanke ƙarshe, ba a san shekarar da aka ɗauka ba, ba a san a gaban wa aka yi ba, wani lokaci ma a liƙa wa waƙar wani sunan wani. 'Yan amshi kuwa, waɗanda su ne ginshiƙin waƙar fada, masu karɓa da ƙari har su gyara wa uban kiɗa hanya, ba mai iya lissafa maka su sai 'ya'yansu. Ina kotson da aka kaɗa? Ina rigar da sarki ya tuɓe ya ba da? Suna nan a ɗakunan iyali, gara na ci, ko an sayar wa dillalin kayan da a ranar da babu na cefane. Gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato sun ɗauki muryoyin mutanen nan shekara da shekaru. Babu abin da zai hana a nemi kwafi mai tsabta, a zauna da magada a rubuta bayanin kowace waƙa, a ajiye inda ɗalibi daga Aliero ko Gusau zai zo ya sa kunne ba tare da ya roƙi kowa ba.

Can ƙasar Zuru kuma akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Matan Dakarkari, ko Lelna kamar yadda suke kiran kansu, sun daɗe suna gina siffofin yumɓu da ake ɗorawa a kan kaburburan manya, na dabbobi da na mahaya. Da yawa daga cikinsu yau suna gidajen tarihi da ɗakunan attajirai a Turai da Amurka, an rubuta sunan ƙabila, an rubuta sunan Baturen da ya saya. Matar da ta kwaɓa yumɓun ba ta da suna.

Na san amsar da wasu masana ke bayarwa: wai fasaharmu ta jama'a ce, gado ce, sa suna a kan aiki al'adar Turawa ce. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a rumfar dillalin riguna ba. Shiga kasuwar Jega ranar da take ci ka ji yadda ake ciniki. Mai saye zai juya hula ya ce wannan hannun wane ne, ba ya ɓata. Manomi ya san maƙerin da garmarsa ba ta lanƙwasa, masunci ya san wanda homarsa ba ta warwarewa a ruwa, uwar amarya ta san matar da tukunyarta ke sanyaya ruwa da bazara. Makaɗi kuwa da bakinsa yake sa hannu, ya yi wa kansa kirari a tsakiyar waƙa don kada a yi masa satar fasaha. Kasuwa ba ta taɓa manta mai yi ba. Takarda ce ta manta, domin masu riƙe da alƙalami ba su ga dalilin tambaya ba.

Kuma mun ga abin da tambaya ke haifarwa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, maginiyar tukwane ce kamar dubban mata. Abin da ya bambanta ta shi ne Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga aikinta ya tara a fadarsa, ya kuma san ta wace ce, har Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya gani ya tambaya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yau ake kira Suleja, tukwanenta suka riƙa fita da tambarin sunanta. Gwaninta nata ne, babu wanda ya ba ta. Amma sai da aka sami shugaba mai ido kafin duniya ta ji sunan.

Nan ne maganar ta fi yi mini nauyi, wato wa zai riƙe gidan. Mun saba da hanya biyu, kuma duk ba sa kai wa gari. Ko dai a ba wani kujerar a matsayin ladan wahalar kamfe, ko a tura ma'aikacin da ya kusa ritaya, wanda shi kansa yake ganin an jefar da shi ne. Sai ka tarar da ofis da labule da kujera mai juyawa, ɗakin ajiya kuwa ɓera ya yi gida a cikin sulke. Na taɓa shiga wani irin wannan wuri, ba sai na kama suna ba, na jira awa biyu ana neman mai mabuɗi, da aka buɗe kuma ƙura ce ta fara yi mini maraba.

Da ni za a tambaya, jarrabawar mai neman wannan kujera ba a ofis za a yi ta ba. A shimfiɗa tabarma, a ajiye masa kotso da taushi da kalangu, ya faɗi wanne ne wanne da wanda ake kaɗa wa kowanne. A miƙa masa riga biyu, ya nuna ta hannu da ta keke. A kawo tsohon maƙeri su yi hira ta rabin awa, a ga ko tsohon zai saki jiki da shi. Digiri yana da amfani, domin adana tufa da fata da kaset ilimi ne da ake koya, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da mutanen da suka san shi. Amma digirin da ba ya iya tuɓe takalmi ya gaida Sarkin Maƙera a zaurensa ba zai samo ko tsinke ba. Rabin aikin shugaban irin wannan gida a kan hanya yake, da littafin rajista a jaka: lambar abu, sunan mai yi, garinsa, wanda ya koya masa, shekarar da ya yi, nawa aka biya shi. Layin nan na "wanda ya koya masa" shi ne zinariyar littafin. Bayan shekara goma sai ka ga salsalar maɗinka da marina ta fito kamar ta malaman zaure.

Sannan a ba shi wa'adi a rubuce, wanda sauyin gwamna ba ya taɓawa. Kwamitin da zai sa masa ido kuma kada a cika shi da manyan sakatarori. Muna da tsarin da ya girmi ma'aikatun gwamnati: Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Dukawa, Sarkin Ruwa, Sarkin Kiɗa. Su suka san wane ne gwani, wane ne mai cika baki. Ba na cewa waliyyai ne. In aka bar su su kaɗai, kowa ɗan ɗakinsa zai kawo, shi ya sa ake buƙatar malaman jami'a da 'yan kasuwar sana'ar su zauna tare, a yi ta ja har a daidaita. Kuma dole a sami mace a sama, mai iko da kuɗin saye, ba 'yar rakiya ba. Saƙar faifai, zanen ƙwarya, ɗinkin hula, kaɗi, ginin tukwane, kiɗan ƙwarya na amada, mafi yawansu a cikin gida ake yi, bayan ƙofar da aka rubuta "ba shiga". Namiji darakta iyakarsa zaure.

Wani zai ce ana ta kai wa ke ta kaya. Mutane na gudun hijira a Zamfara, ana kwashe ɗalibai, kai kana zancen faifai da kotso. Ban raina wannan magana ba, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin rijiya da gidan tarihi, rijiya zan zaɓa. Sai dai rashin tsaron nan shi ne ya sa abin ya zama na gaggawa. Ƙauyen da aka tasa ba gonaki kaɗai ya bari ba. Maƙerarsa ta mutu, karofinsa ya cike da ƙasa, masaƙinsa yana Gusau ko Birnin Kebbi yana turin baro, kuma ɗansa ba zai taɓa zama a gindin masaƙa ba. Mutanen da a da sai an yi tafiyar kwana biyu a same su, yau suna bayan tasha. Sayen aikinsu da farashin mutunci taimako ne da ya fi kwanon shinkafa daɗewa.

Kuɗin ma ba nan gizo ke saƙa ba, in dai ba a fara da kwangilar gini ba. Da an ce gidan tarihi sai tunaninmu ya tafi ga bene mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, a ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙo. Soron ƙasa mai kaurin bango, wanda ake yi wa yaɓe kafin kowace damina, ya fi dacewa da tufa da fata, kuma maginan da za su gina shi su ne farkon waɗanda za a rubuta sunansu a bakin ƙofa. Kuɗin da ake kashewa wajen sayo allunan karramawa na roba a kowane taro ya isa a sayi aikin gwanaye da dama a shekara.

Wurin zama kuwa, na san za a yi gardama, domin masarautu huɗu ne a Kebbi kuma kowace tana da hujja. Ni Argungu na zaɓa, saboda jama'a. Bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, shi ne lokacin da baƙi ke cika bakin kogin Matan Fada, su kalli kifi su hau mota su tafi. Amma kayan kada su yi zaman dirshan. Lokacin bikin Uhola a kai wani sashe Zuru, lokacin bikin Rigata a kai Yawuri, a kuma ƙulla da Gusau, tunda iyakar da ta cire Kebbi daga Sakkwato a 1991 da ta Zamfara a 1996 ba ta raba makaɗi da ubangidansa ba.

Bara da sallah na sake ɗauko rigar kakan nan, na juya cikinta waje don in kakkaɓe. A ƙasan aljihu, inda ba mai gani, akwai wata 'yar alama da jan zare, layi uku sun haɗu kamar sawun tsuntsu, kuma ba ta cikin zanen askar. Na nuna wa Kawu. Ya ɗaga ta kusa da idonsa, ya ce lalle ya tuna, duk rigar da ta fito hannun malamin tana da ita. Na ɗauki hotonta da waya. In akwai wani a Gwandu ko Tambuwal ko Jega da ke da tsohuwar saƙi a adaka, ina roƙonsa ya juya aljihun ya duba.