Ga ƙannena masu kyamara: in hoto ya fita ranku

Kwanan baya wani ƙanena da ke sana'ar hoto a Birnin Kebbi ya same ni, ya ce, "Yaya, wallahi kyamarar nan ta fita raina. Duk abin da na ɗauka sai in ga kamar na taɓa ɗaukarsa." Na ce to, me ka ɗauka a wata ukun nan? Amarya, ango, kamu, walima, sai kuma wata amaryar. Kujera ɗaya, labule ɗaya, kalar nan da ya kwafo a Instagram ita ce dai kullum. Ta ina basira za ta ɓullo?

Ba dariya nake muku ba, ni ma na sha zama a wannan hali. Babban abin da ke cinmu shi ne jiran babbar rana. Kowa ya rataye kyamara yana jiran kamun kifin Argungu. Bikin ba abin rainawa ba ne, tun 1934 ake yinsa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma a 2016 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Amma kun manta an kwashe kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020? Wanda ya dogara da shi, me ya ɗauka duk tsawon lokacin nan? Ranar bikin ma, ku ɗari kuna jere a bakin kogin Matan Fada, hotonku guda ne: masunta sun auka ruwa da homa da gora.

Ku je Argungu ranar da babu kiɗa babu baƙi. Ku nemi dattijon da ke gyaran homarsa a ƙofar gida, ku dubi yatsunsa. Ko ku zaɓi wuri ɗaya tak, ko inda ake loda buhunan albasa a Aliero, ko fadama lokacin dashen shinkafa, ku koma can kwana bakwai a jere. Ranar farko abin da kowa ke gani za ku gani. Sai wajen rana ta huɗu mutane su daina gyara tsayuwa in sun hango ku, ku ma ku fara lura da inda haske ke sauka.

Maganar haske kuwa, ku daina fita da rana tsaka kuna zargin kyamara. Rana a tsakar ka tana zuba inuwa a ramin ido, fuska ta yi duhu. Ku fita da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da zanen fuska da saƙar tufafi. Hazon hunturu da kuke ƙorafi a kai, shi ne ke tausasa haske kyauta, sai dai ku kare gilashin kyamarar daga ƙura.

Sannan ku takura kanku. Zamanin fim, hoto 24 ko 36 ne a nadi ɗaya, dole mutum ya yi tunani kafin ya danna. Ku yanke wa kanku goma sha biyu a yini. Kada ku jawo abu daga nesa da kyamara, ƙafa ba ta ƙare ba, ku matsa kusa.

Matsawa kusa kuma sai da sallama. Ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi izini, musamman wajen mata da yara. Wanda ya ce a'a, ku yi godiya ku wuce. Wanda ya yarda, ku wanke hoton ku kai masa har gida. Na taɓa kai wa wani manomin albasa nasa, ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya ce in dawo ranar girbi da sassafe, kafin motoci su iso.