Karatun kwamfuta ba buga takardu ba ne

Wani rahoto ya ce matasa na rububin karatun kimiyyar kwamfuta, amma bai taɓo wahalar ba. Iyaye da yawa a nan Jos sun ɗauka buga takardu za a koya wa yaro. Ina! Ajin farko a jami'a lissafi ne da fiziks, tun kafin Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ta kankama. Ɗan ƙanwata sai da ya shiga aji biyu aka saya masa laftof 'yar gwanjo a kasuwar Terminus. Kafin nan a takarda yake rubuta manhaja, ya ari ta abokinsa ya gwada. Ga kuɗin data. Hedikwatar ITF, hukumar da ke kula da SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a ma'aikatu, tana nan titin Miango, amma yaranmu da yawa Abuja suke nufa neman gurbin horon wata 6.