Kwandalar tunawa ba hannun jari ba ce

Na ga wani labari da ya ce mutane na rububin sayen kwandalolin tunawa, wato waɗanda ake bugawa don tuna wani mutum ko wani abu, don su sayar da riba nan gaba. To a bi a hankali dai. Abin da ke ɗaga farashin kwandala shi ne ƙarancinta, ko kuma zinariyar da ke jikinta. Ku dubi kwandalar peni 50 ta tunawa da lambun Kew Gardens na Landan da Birtaniya ta buga a 2009: guda 210,000 kacal aka yi, shi ya sa yau ake sayenta fiye da fam 100. Amma wadda aka buga miliyoyi, aka sa a ɗan akwati mai kyau da takardar shaida? Kuɗin akwatin da talla ka biya, malam. Ranar da ka kai wa dillali zai juya ta gaba da baya, ya ɗora a sikeli, ya taya maka kuɗin ƙarfe.

Mai neman riba gara ya sayi irin Krugerrand, kwandalar zinariya ta Afirka ta Kudu, wadda farashinta ke bin na zinariya tun 1967. Ko ita ma akwai ladan dillali a shiga da fita.

Sai masu yaudara da shekara. Liyari mai hoton Maria Theresa, wadda ta mulki Austria a da, duk wanda aka buga bayan rasuwarta 1780 aka rubuta masa, don haka kada wani ya ce maka tsohon gaske ne ya tsuga kuɗi.

Ni kam anini da kwabo mai huji na kakata nake ajiye, yara su gani su taɓa. Ba na sayarwa ba ne, ko da an taya.