Zogalen Bakano

Bazazzagi: Kai bawana, wa ya yi wa zogalenka askin kwal-kwabo haka?

Bakano: Tsutsa ce, ta naɗe ganyen da saƙa ta cinye. Biyu kuma sun bushe, na tona na tarar gara ta rarake gindin.

Bazazzagi: Wane taki ka zuba?

Bakano: Ɗanyen kashin shanu, kyauta na samu.

Bazazzagi: Arha ba ta ado! Walima ka shirya wa gara. Ramin ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, ka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki da toka, ka dasa reshe mai kauri, tsawon mita 1. Kuma ka daina kwarara masa ruwa kullum, saiwarsa ruɓewa take yi.

Bakano: To tsutsar fa? Kar ka ce min sai na je shago.

Bazazzagi: Na san aljihunka da kwaɗo yake kwana. Ka tsinto 'ya'yan darbejiya, ka shanya a inuwa, ka ɓare. Ƙwayar cikin za ka daka, rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Da safe ka tace da ƙyalle, in ba haka ba tuƙar ta toshe maka bakin famfon feshi. Ka narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye.

Bakano: Sai in fesa da rana tsaka ta soye.

Bazazzagi: Kai ne za ka soye. Rana kashe ƙarfin maganin take yi, sai bayan la'asar sakaliya, har ƙarƙashin ganye. Kada ka zata nan take za ta faɗi, cin abinci yake hana ta. Ka maimaita duk mako, sabon haɗi. In zogalen ya kai mita ɗaya da rabi ka datse kan, ya yi rassa inda hannu zai kai.

Bakano: Akwai wata tsutsar kuma, mai ƙafa huɗu da gemu.

Bazazzagi: Wannan sai shingen ƙaya.

Bakano: Na yi. Ta katangarka take dirowa, kuma jiya da ƙamshin kwaɗon zogale na kwana daga gidanku.

Bazazzagi: Af! Ashe shi ya sa uwargida ta ce in gaya maka, in ka yi feshi ka sanar da mu. Ɗacin darbejiya sai an wanke sosai.