Loudoun: Gunduma mafi arziki a Amurka, wadda masu yi mata hidima ba sa iya kwana a cikinta

'Yan uwa, duk lokacin da aka fitar da jerin gundumomin da suka fi kuɗi a Amurka, sunan Loudoun ne ke zuwa a sama ko dab da sama. Gunduma ce a arewacin jihar Virginia, yamma da birnin Washington, tafiyar ƙasa da awa guda a mota idan hanya ta yi sauƙi. Alƙaluman hukumar ƙidaya sun nuna cewa idan aka jera gidajen gundumar daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, gidan da ya faɗo tsakiya yana samun sama da dala 170,000 a shekara. Na san abin da wasunku za su yi da wannan adadi. Za su ɗauko waya su juya shi zuwa naira ko sefa, su ce ai waɗannan mutane sun gama da duniya. Ina roƙon ku bi ni a hankali, domin arzikin na gaskiya ne, amma akwai abin da ke damuna a cikinsa, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba.

Sai an san yadda ƙasar take kafin a gane sauran. Kogin Potomac ya zagaye ta daga arewa, ya raba ta da jihar Maryland. Daga yamma duwatsun Blue Ridge ne suka tokare ta. Hedikwatarta Leesburg, tsohon gari mai gine-ginen jan bulo, kuma an kafa gundumar tun 1757, kafin Amurka ta samu 'yancin kai. Tsawon shekaru ɗari biyu ƙasar noma ce da kiwon shanun madara. A ƙidayar 1990 mutanenta ba su wuce 86,000 da 'yan kai ba. A ta 2020 sun haura 420,000. Cikin shekara talatin jama'a sun ninka kusan sau biyar, kuma kusan dukkansu sun tare ne a gabashi, wajen Ashburn da Sterling da Brambleton da South Riding. Yammaci kuwa yana nan da gonakin dawaki na Middleburg da gonakin inabi da ƙananan garuruwa irin su Purcellville.

Wannan rabuwa ta gabas da yamma ba ta zo da kanta ba. Dokar tsara filaye ce ta yi ta. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar gundumar an keɓe shi a matsayin karkara, inda ƙa'idar asali a wasu wurare gida ɗaya ne a eka 20, a wasu kuma gida ɗaya a eka 40. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Me ya kawo kuɗin? Na farko filin jirgin sama na Dulles da aka buɗe a 1962 a kan iyakar Loudoun da Fairfax. Na biyu gwamnatin tarayya da kamfanonin da ke yi mata kwangila, musamman a fannin tsaro da kwamfuta. Na uku, wanda ya sauya komai, intanet. A shekarun 1990 kamfanin intanet na AOL ya kafa hedikwatarsa a nan, aka shimfiɗa wayoyin sadarwa a ƙarƙashin ƙasa, kamfanin Equinix ya gina cibiyar adana bayanai a Ashburn, daga nan sauran suka biyo baya. Yau akwai irin waɗannan cibiyoyi kusan 200 a gundumar, kuma babu wani wuri a duniya da ya tara su haka. Manyan gine-gine ne marasa tagogi, an kewaye su da shinge, cikinsu cike da kwamfutoci suna aiki dare da rana. Amazon da Google da Microsoft duk suna nan. Shi ya sa idan cibiyoyin Amazon na arewacin Virginia suka samu matsala, kamar yadda ya faru a watan Oktoban 2025, sai manhajoji su tsaya wa mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Ashburn ba.

Abin da ya burge ni, kuma ina faɗarsa da zuciya ɗaya, shi ne yadda gundumar ta mayar da waɗannan gine-gine kuɗin jama'a. A Virginia gunduma tana karɓar haraji a kan fili da gini, tana kuma karɓa a kan kayan aikin da ke cikin ginin. Kwamfutocin nan suna da tsada, kuma duk bayan 'yan shekaru ana sauya su da sababbi, don haka harajin ba ya ƙarewa. Ga shi ginin ba ya tura yaro ko ɗaya makaranta, ba ya cika hanya da motoci. Ɗaruruwan miliyoyin daloli ne ke shigowa duk shekara ta wannan hanya, fiye da rubu'in kuɗin da gundumar ke gudanar da ayyukanta da shi. Da shi aka yi ta gina makarantu don ɗalibai sama da 80,000, da ɗakunan karatu, da filayen wasa, da ofisoshin kashe gobara, aka kuma yi ta rage wa masu gidaje ma'aunin haraji. Majalisar gunduma mai mutum tara ce ke yanke kasafin, a fili, kuma kowane mazauni yana da damar zuwa ya tsaya gabansu ya faɗi ƙorafinsa. Shugabarta tun zaɓen 2015 baƙar fata ce, Phyllis Randall. Wanda ya bi shari'ar da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke a watan Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi 774 zai gane dalilin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai. A Loudoun kuɗin yanki yana zama a yankin, kuma ana iya bin sawunsa.

To amma ga inda zuciyata ta ƙi kwanciya.

Gida na tsaka-tsaki a Loudoun ya haura dala 700,000. Hayar ɗaki biyu da falo ta wuce dala 2,000 a wata. Wanda ya sayi gida, bayan bashin banki na shekara talatin, zai biya harajin gidan duk shekara, ya biya kuɗin ƙungiyar unguwa duk wata, wadda ita ce ke yanke ciyawa ta kwashe ƙanƙara ta kuma gaya maka launin da za ka shafa wa ƙofarka. Motarka ma ana biya mata haraji duk shekara, kuma mota dole ce, sau da yawa biyu, domin an tsara unguwannin ne ta yadda ko burodi za ka saya sai ka tuƙa. Akwai babbar hanya mai suna Dulles Greenway, mallakar kamfani mai zaman kansa, da ake biyan sama da dala 5 a bi ta sau ɗaya. Idan miji da mata duk suna aiki, kuma haka akasarin gidajen suke, kuɗin renon jariri a wata yakan haura dala 1,500. Ba kaka a gida, ba gwaggo a maƙwabta da za a miƙa mata yaro. Wannan dala 170,000 ɗin guminsu ne su biyu, kuma kafin wata ya raba ta watse.

Wannan fa halin masu samu ke nan. Yanzu ku tuna da malamar firamare, da direban motar makaranta, da ma'aikacin kashe gobara, da mai goge-goge a filin jirgi, da matar da ke kula da tsofaffi, da mai gadin cibiyar adana bayanai. Mafi ƙarancin albashi a Virginia bai fi dala 12 da 'yan kai ba a awa a shekarar 2025. Ku yi lissafin da kanku ku gani ko zai biya hayar can. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah suna kwana ne a wata jihar, a gundumomin Jefferson da Berkeley na West Virginia, su taso tun kafin asuba su biyo hanya mai lamba 9 ta cikin duwatsu. Waɗanda suka zauna a ciki, musamman a tsofaffin unguwannin Sterling inda 'yan El Salvador da sauran baƙi suka yi yawa, sukan haɗu iyali biyu ko uku a gida ɗaya, ko su kama ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kamar mai dafa abincin biki ne da ba a ba shi wurin zama a tabarma ba. Ni a ganina gundumar da malamin 'ya'yanta ba zai iya zama a cikinta ba tana da babban gibi, komai yawan kuɗinta.

Kada a ce mini kasuwa ce ta yi haka. Kasuwa tana bin layin da doka ta shata mata. An rufe yammaci don a kare kyan karkara da gonakin dawaki. A gabashi kuma, filin da mai gina gidaje zai nema, kamfanin adana bayanai zai zo ya taya shi a kan miliyoyin daloli kowace eka, wa zai iya gasa da shi? Ƙasa ta ƙare ta ɓangare biyu, farashi ya tashi, wanda ya riga ya mallaki gida ya ji daɗi domin dukiyarsa ta ƙaru, kuma shi ne ke da lokacin zuwa zaman majalisa da yamma ya ce bai yarda a gina benaye kusa da shi ba. Wanda ke kan hanyar komawa West Virginia a wannan lokacin ba shi da ƙuri'a a Loudoun.

Tarihin wurin ya sa wannan ya fi yi mini ciwo. Loudoun tana cikin gundumomin da suka fi jan ƙafa wajen haɗa ɗalibai farare da baƙaƙe. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantu a 1954, amma sai 1968 aka kammala aiwatarwa a nan. Kafin haka, iyayen baƙaƙen fata da suka gaji da rashin makarantar sakandare ta kirki sun yi karo-karo suka tara dala 4,000, suka sayi fili a Leesburg, aka sa suka sayar wa hukuma a kan dala 1 kafin ta yarda ta gina makarantar Douglass, wadda aka buɗe a 1941. A 2020 hukumomin gundumar sun nemi afuwa kan wannan tarihi, kuma na yaba. Sai dai tambayar wa aka yarda ya zauna a nan ba ta mutu ba. A da launin fata ne ke amsa ta, yanzu farashin gida ke amsa ta, kuma waɗanda abin ke faɗa wa ba su canza sosai ba.

Akwai kuma maganar wuta. Cibiyoyin nan suna shan lantarki yadda hankali ba zai ɗauka ba, kowace tana da jerin manyan janaretocin dizal na ko-ta-kwana, ga ƙarar na'urorin sanyaya da ke hana wasu maƙwabta barci. A 2022 kamfanin wuta na Dominion ya sanar cewa layukansa a gabashin Loudoun sun kusa gazawa. A ƙarshen 2024 hukumar binciken majalisar dokokin jihar ta ce idan aka ci gaba a haka, buƙatar wuta a Virginia za ta iya ninkawa cikin shekara goma. Sababbin turakun wuta za su ratsa gonakin mutane a wasu gundumomi, har da wasu jihohi, waɗanda ba sa ganin ko kwabo na harajin. Rahoton hukumar ya kuma nuna cewa babbar cibiya, bayan an gama gininta, ma'aikata wajen hamsin take ɗauka. Aikin yi na lokacin gini ne. A 2025 majalisar gunduma ta soke damar gina sababbin cibiyoyi kai tsaye ba tare da neman izini na musamman ba. Mataki ne mai kyau, amma ya zo a makare, kuma dogaro da masana'anta ɗaya har wannan matsayi abin tsoro ne.

Ban ce wurin ba shi da daɗin zama ba. Akwai zaman lafiya, makarantu na da kyau, jama'a kuma sun gauraya: Indiyawa sun cika Ashburn da Brambleton, ga Larabawa da 'yan Afirka. Musulmi ba ya maraici, domin cibiyar ADAMS da ke Sterling, wadda aka kafa tun 1983, tana cikin manyan masallatan Amurka, limaminta Mohamed Magid haifaffen Sudan ne, kuma naman halal ba ya wuyar samu. Ɗan uwa da ke shirin zuwa da takardar shaidar kwamfuta ko aikin jinya zai iya tsayawa da ƙafarsa. Wanda zai zo da ƙarfinsa kawai, ya sani cewa zai yi wa Loudoun aiki, amma da wuya ya zauna a cikinta.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. A watan Nuwamban 2022 jirgin ƙasa na Washington ya iso har Ashburn, kuma filayen da ke kewaye da tashar su ne ya kamata a cika da benaye masu hayar da ma'aikaci zai iya biya. Gundumar tana da shirin gidaje masu rahusa tun shekarun 1990, ta kuma keɓe wani ɗan kaso na haraji don haka, amma abin ya yi kaɗan idan aka auna shi da abin da cibiyoyin ke kawowa. Ina so in ga an ɗaure wani kaso mai tsoka na harajin kwamfutocin nan kai tsaye ga gidajen malamai da direbobi da ma'aikatan jinya, a bar ƙananan garuruwan yamma su ɗan faɗaɗa a gefensu, kuma kamfanonin su biya cikakken kuɗin layukan wutar da ake ja dominsu, maimakon a raba shi a takardar kuɗin wutar kowa a jihar.