Abin da ke cikin aljihunka ranar jarrabawa

Shekara shida ke nan ina koyar da haɗa na'urorin sadarwa a wani ɗan aji da na buɗe a Yelwa, nan Bauchi. Yawancin ɗalibaina 'yan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ne da 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, sai ma'aikata kaɗan da ke zuwa bayan la'asar. Maganar da zan yi yau, kan dokokin shiga ɗakin jarrabawa, ta daɗe tana cina, abin da ya faru da wani ɗalibina watan jiya ne ya sa na kasa ci gaba da yin shiru.

Wata bakwai yaron nan ya yi yana shirin jarrabawar CCNA, wato ta neman shedar ƙwarewa a haɗa na'urorin sadarwa, ta kamfanin Cisco. Kuɗinta dala 300, kowa ya lissafa da canjin yau ya ga nawa ke nan. Yayansa da kawunsa ne suka haɗa masa. Ya yi sammako ya shiga mota zuwa garin da cibiyar jarrabawar take, ya isa da wuri, ya zuba waya da walat da agogo da makullai a cikin akwatin ajiya da aka ba shi, ya kulle. Aka ce ya zazzage aljihu, ya nuna na ƙirji da na wando. Aljihun gefe na kaftani ya manta da shi, kuma a ciki akwai ɗan carbin lantarkin nan da ake maƙalawa a yatsa. Ana tsakiyar jarrabawa wata tambaya ta yi masa tsauri, hannunsa ya tafi aljihu kamar yadda ya saba, ya ciro shi ya fara dannawa. Kyamara ta gani. Mai sa ido ya shigo, aka tsayar da jarrabawar, aka rubuta rahoto. Da ya kira ni muryarsa na rawa, cewa ya yi: "Malam, wallahi istigfari nake yi."

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, na san tarbiyyarsa. Amma na faɗa masa, kuma ina faɗa a nan, mai sa idon nan bai zalunce shi ba. Mutumin da ke kallon allo ya ga ɗalibi ya ciro wata 'yar na'ura mai maɓalli da fuskar lambobi daga aljihu. Ba aikinsa ba ne ya shiga zuciyar yaro ya duba niyya. Laifin da nake gani nawa ne, domin na koya masa rarraba adireshin na'urori har ya iya da ka, ban taɓa zaunar da shi na ce ga abin da ake shiga da shi, ga abin da ba a shiga da shi ba.

Mutane da dama suna ɗauka tsaurin nan wulaƙanci ne kawai. Ku duba yadda abin yake. Jarrabawar Cisco da CompTIA da Microsoft, galibinsu kamfanin Pearson VUE ne ke gudanar da su a cibiyoyinsa na ƙasashen duniya. Ba irin WAEC ba ce da kowa ke zama lokaci ɗaya a tashi. Kullum ana yin ta, kuma daga rumbun tambayoyi ɗaya ake ɗebo wa na Legas da na Indiya da na Amurka. Idan mutum ɗaya ya fita da hoton tambayoyi, gobe suna kasuwa a intanet, kuma kowa a harkar nan ya san ana sayar da irin waɗannan tambayoyin sata. Yau akwai biro mai kyamara, akwai tabarau mai kyamara, akwai agogon da ke karɓar saƙo. Shi ya sa ba a barin ka da bironka ko takardarka, sai a ba ka ɗan allon da ake gogewa da alƙalaminsa, ka mayar idan ka gama. Shi ya sa ake ɗaukar hotonka, a sa ka sa hannu, a ce ka naɗe hannun riga, a duba tabaranka. Wanda aka tabbatar ya yi maguɗi, ana iya soke sakamakonsa, a ƙwace shedar da yake da ita, har a hana shi sake zama.

Ni wannan tsaurin shi ne abin da nake ƙauna a jarrabawar. Mun ga yadda satar amsa ta zubar da darajar takardu da yawa a ƙasar nan, har mai ɗaukar aiki ya daina yarda da abin da ke rubuce. Yaron da ya tashi a Bauchi, ba shi da kowa a sama, idan ya riƙe shedar tsaron kwamfuta ta Security+ daga CompTIA, wanda zai ɗauke shi aiki ya san ya zauna minti 90 shi kaɗai da kwamfuta ya samo aƙalla maki 750 cikin 900, ba wanda ya raɗa masa komai. Akwatin ajiyar nan da ake tilasta maka ka zuba kayanka a ciki, shi ne ke riƙe da wannan yardar.

Inda nake da ƙorafi daban ne, kuma shi ne ya fi yi min zafi. Shekara biyu da suka wuce wata ɗalibata, matar aure mai 'ya'ya biyu, ta je wata cibiya da ba zan ambaci sunanta ba. Ma'aikacin da ke karɓar mutane ya ce sai ta cire hijabi ta sa a akwati, wai ba a shiga da abin rufe kai. A gaban maza huɗu da ke jiran layi. Ta ce masa, "Yallaɓai, ka taimaka ka kira mace ta duba ni." Ya ce ba shi da lokaci. Sai da ta tsaya kai da fata, aka kira wata ma'aikaciya daga wani ofis, ta duba kunnuwanta da wuyanta a gefe, sannan aka bar ta ta shiga. Ta shiga da hawaye a ido, ta zauna gaban tambayoyin da ta yi wata da watanni tana shiryawa.

Wannan ba doka ba ce, jahilcin doka ne. Ƙa'idar kamfanin ta hana hular gayu da sauran abin rufe kai da ba na addini ba. Suturar addini kuwa an yarda a shiga da ita bayan an duba da ido. Hijabi na ciki. Manufar dubawar ita ce a tabbatar babu na'urar sauraro a kunne ko takarda a ɓoye, kuma wannan abu ne da mace za ta yi wa 'yar'uwarta cikin minti ɗaya a bayan ƙofa. Duk cibiyar da ta buɗe a Arewa, ko take karɓar 'yan Arewa, ba ta da uzurin rashin tanadar ma'aikaciya mace. Muna roƙon 'yan mata su shigo harkar fasaha, iyaye da mazaje suna ɗari-ɗari, sai kuma wadda ta daure ta zo ta koma gida da irin wannan labari. Wace ƙanwarta ce za a sake bari?

Akwai kuma abubuwan da aka halatta waɗanda mutanenmu ba su sani ba, suna cutar kansu a banza. Mai asma zai iya shiga da abin shaƙarsa. Mai na'urar ƙara ji, mai sanda, mai buƙatar ƙwayar magani da aka ɓare daga ledarta, duk suna cikin jerin abubuwan da ake bari bayan an duba. Abin da ya wuce wannan, kamar neman ƙarin lokaci saboda lalura, sai an nemi izini tun kafin a tsayar da rana, ba a bakin ƙofa ake roƙonsa ba.

Katin shaida ma yana kayar da mutane. Na asali ake so, wanda bai ƙare aiki ba, ba hoton da ke cikin waya ba, ba kwafi ba. Sunan da ke jiki kuma ya dace da wanda ka yi rajista da shi. Mu da mutum ɗaya zai zama Muhammad a fasfo, Mohammed a lasin tuƙi, Moh'd a takardar makaranta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ka ɗauko katin ka ajiye a gabanka lokacin da kake cike suna.

Wasu suna cewa gara su yi a gida ta tsarin OnVUE, wanda ake yi ta intanet ana kallonka ta kyamara, su huta da tafiya. Ku yi tunani tukuna. A gida ɗakin gaba ɗaya ne ya zama aljihunka. Za ka ɗauki hoton teburinka da kewayensa, babu littafi, babu takarda, babu wayar da hannu zai kai gare ta. Ba ka tashi daga gaban kyamara, ba ka magana, ba wanda zai shigo. A gidajenmu da yaro zai banko labule yana neman Baba, ko maƙwabci ya yi sallama bakinka ya amsa kafin ka tuna, ga ɗaukewar wuta, ga intanet mai yankewa, sai wanda ya tabbatar yana da ɗakin da zai kulle da batirin da zai riƙe shi. Sannan ko a gida ko a cibiya, ka zaɓi lokacin da ba zai ci maka azahar ko la'asar ba, domin CCNA minti 120 ce, kuma agogonta ba ya jiran kowa.

Tun bayan abin da ya sami yaron nan na sauya tsarin ajina. Ranar gwajin ƙarshe ina ajiye kwali a bakin ƙofa, kowa ya zazzage aljihunsa kaf, har na gefe, matata kuma tana zuwa ta duba 'yan matan a ɗaya ɗakin. Asabar ɗin da ta wuce, bayan kowa ya rantse ya gama, sai da muka ƙara tsinto abin sauraro na kunne guda biyu, da filas na ajiyar bayanai, da carbin lantarki uku. Shi kuwa yaron yana nan yana gyaran wayoyi a Wunti, yana tara kuɗin sake zama.